Ƙafar Alhaji Muntari da Kazar Inna a Jirgin Sama

Kun tashi kun tarar ana kirana Sahabi Mai Jirgi a kasuwar Aliero da tashar Jega, kuma ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku dalili ba. Shirun da na yi ya haifi labarai. Na ji ɗaya daga cikin jikokina ya gaya wa malaminsu wai kakansa tsohon matuƙin jirgin sama ne. Wata kuma ta ce na yi aiki a Legas aka kore ni. Duk ba haka ba ne. Ban taɓa karɓar albashin kamfanin jirgi ba, kuma sau ɗaya tak na shiga jirgi a rayuwata, don har yau Allah bai nufe ni da zuwa Makka ba. Zan faɗi yadda abin ya faru tun daga tushe. Ku bi shi a jere, kada wanda ya tsallake zuwa ƙarshe.

A shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, ina magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, ina zaune a gidan mahaifina Malam Bawa. Sana'ar gidanmu ɗori ce, kamar gidaje da yawa a garin, ga kuma gonar albasa a fadama. Aikina a wajen ɗori shi ne riƙo. Baba ne ke jan ƙashi ya mayar da shi mazauninsa, ni kuwa in danne majinyaci don kada ya motsa, in kuma feƙe kararen da za a jera a kan karayar. Na yi firamare, ina karanta boko da ajami, shi ya sa duk baƙon da ya zo da Turanci a bakinsa ni ake turawa wurinsa.

Bayan an cire amfanin gona aka kawo mana Alhaji Muntari. Mutumin Kuberi ne ta ƙasar Maiyama, amma tun yana saurayi ya bar gida, yana aiki da kamfanin jiragen sama na gwamnatin tarayya a Legas. Ya zo hutu ne ya gaida mahaifiyarsa, ya kuma ga sabuwar jihar da aka ba mu. A hanyar komawa tayar motar da ya shiga ta fashe kusa da Giwa Tazo, motar ta ƙwace ta faɗa rami, ƙwaurinsa na dama ya karye. An fara kai shi asibiti, aka ce za a tsaga a sa ƙarfe. Tsohuwarsa ta ce ba da yawunta ba, 'yan'uwansa suka ɗauko shi a bayan a-kori-kura suka kawo shi zaurenmu.

Baba ya bi tsarinsa yadda ya saba. Ya yi alwala, ya yi bisimilla, ya bi ƙwaurin da yatsunsa har ya gane inda ƙashin ya goce. Na riƙe saman gwiwa, ya kama diddige ya ja. Alhaji ya kira sunan Allah da ƙarfi, ya haɗa da wata kalmar Turanci da ban fassara wa Baba ba. Aka shafa man kaɗanya, aka naɗe da ƙyalle, aka jera karare aka ɗaure. Daga nan sai aka zo kan kaza.

Wannan al'ada ce ta gidanmu da ba ku tarar ba, don ni na bar ta bayan da malamai suka nuna mini cewa cutar da dabba ce. A zamanin Baba, duk ranar da aka yi wa mutum babban ɗori, akan kama kaza a karya mata ƙafa ta gefen da mutumin ya karye, a ɗora ta da tsinke, a ajiye ta a ɗaki ɗaya da shi. Ranar da ta fara taɓa ƙasa da ƙafar, a sassauta wa majinyaci ɗauri. Ranar da ta yi gudu, a fara maganar ba shi sanda. Kafin nan ba a raba su, rufi ɗaya suke kwana. Na taɓa tambayar Baba ko akwai asiri a ciki, ya ce mini mai karaya ba ya yarda da bakin mutum, amma in yana kallon kaza tana ɗingishi a gabansa, ba zai dame ka da maganar tashi ba. Kazar da aka kama wa Alhaji ta mahaifiyata ce, wata wake-wake mai yawan ƙwai, kuma Inna ba ta ba da ita da daɗin rai ba.

Ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Duk kajin gidan ga ba a ga ta karyawa ba sai mai yi min ƙwai? Alhaji, in ka warke ka san da wadda kaka biya."

Ya ce, "Inna, in na tashi zan kawo miki kazar Turawa, wadda ta fi wannan girma sau biyu."

Ta ce, "Riƙe abarka. Na gan su a Jega, ko tsayuwa ba su iyawa."

Ni aka ɗora wa kula da shi, kuma a nan ne abin ya kama ni. Tun ina yaro, in jirgi ya ratsa ta saman fadama nakan saki abin ban ruwa in bi shi da ido har ya ɓace. Ba hawansa ne ya fi damuna ba, so nake in san yadda ake yi. Yanzu ga mutumin da ya sani an kwantar mini da shi a zaure, ba shi da ikon gudu. Kullum in na kawo masa fura sai in zauna in ce, to Alhaji, bayan wannan sai me? Aikinsa shi ne tsara lodin jirgi. Ya gaya mini ana auna kowane kaya a sikeli, a ƙiyasta nauyin mutane, a haɗa da nauyin mai, sannan a raba a cikin jirgin yadda gaba ba zai fi baya ba. Ya ce man jirgi a cikin fuka-fukai ake zuba shi, na ce ya sake faɗa, ya sake. Ya ce kafin kowane tashi sai injiniya ya zagaye jirgin da ƙafa yana duba tayoyi da ƙusoshi, matuƙi ma ya zagaya, sannan su zauna su bi abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya, wani na faɗa wani na amsawa, ko da sun yi shekara ashirin suna yi. Wannan ya kwanta mini a rai ƙwarai. Na ce ashe akwai mutanen da suka san ba a fara abu ta tsakiya.

Ya kuma ba mu tarihin kamfanin, yawanci da la'asar, in Baba ya zo duba ɗauri. Ya ce tun zamanin Turawa aka fara shi, na haɗin gwiwa da wasu ƙasashe maƙwabta, bayan samun mulkin kai ya zama namu mu kaɗai. Da kuɗin mai suka shigo aka sayi jirage manya da ƙanana, ana zuwa ƙasar Turawa, ana zuwa Jidda da alhazai, ana sauka a manyan garuruwan ƙasar nan. Ya ce a lokacin in ka sa rigar kamfanin ka shiga unguwa, har dattawa sukan matsa maka a kan tabarma. Amma a shekarun da muke ciki jiragen sun ragu. Wasu sun tsufa, wasu suna ajiye a gefen fili suna jiran kayan gyara daga waje, har akan cire wani abu daga jikin wanda ke ajiye a sa wa wanda ke tashi.

Baba ya ɗago kai daga ƙafar ya ce, "Wato a zare ƙashin Audu a ɗora ma Ali."

Alhaji ya ce, "Kusan haka ne, Malam."

"To shi Audun, yaushe shika tashi?"

"Sai ranar da aka kawo nasa."

Baba ya ce, "Allah shi kawo," ya ci gaba da ɗaurinsa.

Kaza ta fara taɓa ƙasa, aka sassauta ɗauri, hankalin kowa ya kwanta. Sai ga wani abokin aikin Alhaji ya zo dubiya daga Sakkwato. Sunansa Mista Bitrus, mutumin Zuru, shi ne babban masu awon kaya a filin jirgin can. Bayan gaisuwa ya ce ba dubiya kaɗai ta kawo shi ba. Kamfani zai tantance ma'aikata a hedkwata, don an ce akwai sunayen da ke karɓar albashi babu masu su. Kowa sai ya tsaya da kansa a gaban kwamiti a gan shi. Wanda bai zo ba an cire shi, shekarun da ya yi sun tafi, babu maganar fansho. Mara lafiya zai iya aika shaidar likita, amma Alhaji ya bar asibiti da kansa, kuma gidanmu ba ma ba da takarda. Lokacin da ya rage bai kai wanda ƙashin yake bukata ba.

Alhaji ya ce, "Malam, sai in tafi."

Baba ya ce, "Ƙashin ga ya fara kamawa, amma ɗanye ne. In mota ta jijjiga shi daga nan zuwa Legas, gocewa shikai. In ya goce ya kama a haka, ƙafar ta gajarce ke nan har ka mutu. Ni ba ni tsawaita ƙashi."

"Malam, tun ba ni da gemu nake aikin nan. 'Ya'yana da shi suke ci."

"Na ji. Ni ƙafa anka kawo min, ba aiki ba."

Mista Bitrus ya ce ba sai an bi mota har Legas ba. In an kai shi Sakkwato a hankali, jirgi zai ɗauke shi, tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da la'asar ba, kuma a sama babu rami. Ma'aikaci mara lafiya yana da damar tafiya da mai jinya ɗaya. Baba ya tashi ya shiga cikin gida, muka ji Inna tana ce masa mutumin da bai taɓa ganin cikin jirgi ba ina zai san ko akwai rami a sama. Washegari bayan sallar asuba ya kira ni gefen rumbu. Ya ce zai bar Alhaji ya tafi da sharaɗi, kuma sharaɗin ni ne. Zan bi shi, in riƙe ƙafar tun daga zaure har gadonsa na Legas, in zauna can in ƙarasa jinyar. Ban taɓa ƙarasa ɗori ni kaɗai ba. Kuma lokacin dashen albasa ne, in na tafi sai dai ƙannena su yi mini yadda suka ga dama. Na san haka, na ce na yarda, kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana kan tagar jirgi. Ina so in ga yadda gulbi da gonaki suke in an dube su daga sama, in kuma ga ko gajimare yana da baya.

Baba ya ce, "Abu ukku, ka riƙe su a jere. Na farko, hannunka na ƙarƙashin diddige, ba ka saki in ana tafiya, ko mi anka yi. Na biyu, idonka na kan yatsunai. In sun fara duhu ko sun yi sanyi, ɗauri ya matse, ka sassauta nan take. Abin ga ba shi jira. Na ukku, kaza."

Na ce, "Baba, har kaza?"

"Ta yi gudu?"

"Ba ta yi ba."

"To mi kaka tambaya?"

Inna ta saka kazar a kwando mai murfi, ta zuba mata gero, ta ɗaure da igiya. Mahaifiyarku Kulu ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da garin fura, ta ce in na dawo in gaya mata ko gaskiya ne daga sama mutane kamar tururuwa suke. Muka shimfiɗa katifa a bayan mota, muka sa ƙafar tsakanin buhunan yashi guda biyu, na zauna na tallafe diddige. Direban ɗan Jega ne da ya saba da gudu, Baba ya tsaya a kansa ya ce in ya ji labarin ya wuce keke a hanya, kada ya sake biyowa ta ƙofar gidanmu. Muka bi ta Tambuwal da Shagari muna rarrafe, manyan motocin albasa suna wuce mu suna yi mana oda.

A filin jirgi Mista Bitrus ya tarbe mu da ma'aikatansa. Suka ɗora Alhaji a kan amalanken kaya. Komai ya tafi daidai har aka zo sikeli, na ajiye kwando, kaza ta yi kuka.

Mista Bitrus ya ce, "Sahabi, mene ne wannan? Guzuri?"

Na ce, "Majinyaciya ce. Tare anka ɗora su."

Ma'aikatan suka taru suna leƙen ƙafarta mai tsinke, wani ya ce a yanka mata tikiti, wani ya tambaya ko ita ma za ta tsaya gaban kwamiti. Mista Bitrus ya ce doka ba ta yarda dabba ta zauna cikin fasinjoji ba, ko ta gwamna ce. Na ce ni kuma an ce kada in raba su. Muka tsaya a haka, shi da dokarsa ni da tawa. Alhaji ne ya warware daga kan amalanke. Ya tambaye ni ainihin abin da Baba yake cewa, na ce rufi ɗaya. Ya ce ɗakin kaya yana ƙarƙashin kujeru, kuma rufin jirgi ɗaya ne daga hanci har wutsiya. Na juya maganar a raina na ga babu ƙarya a ciki. Aka auna kaza da kwandonta, aka ɗaura mata alama irin ta akwati. Alhaji ya faɗa musu ɗakin da za a sa ta, wanda iska da ɗumi ke shiga, ya ce a ɗaure kwandon kada ya gangara. Ko a kwance bai bar aikinsa ba.

Jirgin bai zo ranar ba. Aka ce gobe. Gobe ta yi aka ce an tura shi wata tafiya, a ƙara haƙuri. Muka zauna a ɗakin ajiyar Mista Bitrus, ranar rufe tantancewa tana matsowa, Alhaji ya daina cin abinci sosai. Ya fara maganar ko a nemi mota. Na ce in ya shiga mota ni Aliero zan koma da kazar Inna, ya san wanda zai riƙe masa diddige. Bai sake tayar da zancen ba. Ni kuwa na yi amfani da zaman, na ga motar mai, na ga motar kashe gobara, na ga dogon benen da ake magana da matuƙa daga cikinsa, na tambayi duk wanda ya tsaya kusa da ni har suka fara kauce mini.

Ana gobe za a rufe, da hantsi, sai ga shi. Na ji ƙararsa kafin in gan shi, fari da kore, ya sauko kamar ba zai taɓa ƙasa ba sai kuma ya taɓa. Mutanen da suka kwana biyu suna jira suka yi dafifi a ƙofa, don masu tikiti sun fi kujeru yawa. Mu aka fara shigarwa ta wata ƙofa. Ina ganin injiniya yana zagaya jirgin yadda Alhaji ya faɗa, ya tsuguna wajen taya, ya shafa ƙarƙashin fiffike. Wannan ne kallo na ƙarshe da na yi wa wani abu ban da ƙafa. Ma'aikata huɗu suka ɗaga Alhaji a kan katako suka hau matakala, ni ina tafe da baya da baya, diddige a tafin hannuna.

An ba mu kujeru uku a jere, aka ɗage hannuwan da ke tsakaninsu. Alhaji ya zauna a karkace ya jingina bayansa da bango, ya miƙe ƙafar a kan kujerar tsakiya, diddigen ya sauka a cinyata. Ni ina kujerar bakin hanya. Sai da aka ɗaura mini bel na lura cewa tagar layinmu tana bayan Alhaji, kafaɗunsa sun rufe ta ruf. Akwai tagogi a ɗaya gefen, amma kafin in gan su sai na juya kai gaba ɗaya, in kuma leƙa ta tsakanin manyan riguna da ɗankwalaye. Injin ya ɗau ƙara, jirgin ya yi gudun da ban taɓa jin irinsa ba, kujera ta danne mini baya. Yatsun Alhaji suna gabana. Babban yatsan yana da tsohon tabo a gefen farce. Na danna shi ya yi fari, na saki jini ya dawo. Kunnuwana suka toshe, na haɗiye miyau yadda ya koya mini.

Da tafiya ta miƙa, wata ma'aikaciyar jirgi ta kawo abinci a ɗan faranti. Ta san Alhaji, suka gaisa, ya gaya mata ko ni wane ne. Ta ce matuƙin ma ya san shi, kuma in ina so zan iya zuwa gaba in leƙa ɗakin tuƙi, a wancan zamani ana barin haka. Ta ce za ta sa matashi a ƙarƙashin ƙafar.

Alhaji ya ce, "Tashi ka je, Sahabi. Mako nawa kana tambayata. Ga shi yau an buɗe maka ƙofa."

Na ce, "Baba ya ce kada in saki."

"Malam bai san yadda jirgi yake ba. Dubi ruwan kofin nan, ko motsi ba ya yi. Je ka dawo, ba mai gaya masa."

"Ni zan gaya mai, in ya tambaya."

"To ko tagar can ka juya ka duba. Muna bisa Kwara yanzu, babban kogin nan, ba ka taɓa ganin ruwa irin wannan ba."

Na ce, "Faɗa min yadda take."

Ya karkata wuya ya leƙa ta bayan kafaɗarsa, ya ce tana nan kamar an yar da farin rawani a ƙasa, ta lanƙwasa nan ta lanƙwasa can, ga gajimare a ƙasa da mu kamar an baza auduga a shanya. Ina jinsa ina kallon yatsu. A lokacin ƙaramin yatsan ya ɗan canza launi, ƙafar ta fara kumburi saboda zama, na sa hannun hagu na sassauta ƙulli ɗaya, launin ya dawo. Ba wani babban abu ba ne. Wataƙila da na tashi na je na dawo, da na tarar da shi yadda na bar shi, in sassauta a lokacin. Ban sani ba, kuma ba a aike ni in gwada ba. Ma'aikaciyar ta tsaya kaɗan, ta ga ba zan tashi ba, ta ɗauke farantina da ban taɓa ba ta wuce. Da jirgin ya zo sauka tayoyinsa suka bugi ƙasa da ƙarfi, na ɗaga diddigen sama kaɗan na bi motsin da hannuna yadda ake yi a mota.

A ranar muka wuce hedkwata. Aka tura shi a keken marasa lafiya har gaban kwamiti, ni ina gaba a duƙe da ƙafa a hannu, wani ma'aikaci yana biye da kwandon kaza. Suka dube shi, suka dubi hotonsa, suka tambaye shi lambarsa ta aiki ya faɗa, aka ce ya wuce. Abin da muka taso tun daga Aliero dominsa bai kai tsawon shan kofin ruwa ba.

Na zauna a gidansa na kwatas ɗin ma'aikata na ci gaba da jinya yadda Baba ya tsara mini: gashi da ruwan ɗumi, shafa mai, sake ɗauri, duba tsawo. Kaza tana kwana a ƙarƙashin gadonsa, matarsa tana haƙuri da mu. Wata safiya 'ya'yan maƙwabta suka bar ƙofa a buɗe, kazar ta fita ta bi wani kyankyaso da gudu har bakin kwata. Alhaji ya gani ta taga ya ce in kawo sanda. Na ce gudun kaza izinin fara magana ne, ba izinin tashi ba, na ƙara masa kwanaki har na ji ƙashin da yatsuna ya yi ƙwari. Sannan ya taka.

Ya yi ƙoƙari ya samo mini kujerar komawa, ya ce wannan karon shi da kansa zai zaunar da ni a bakin taga. Aka ce jirgin Sakkwato yana wajen gyara, a jira. Na jira har na ji a jikina cewa albasata tana can ba mai ita. Na je inda motocin Jega ke sauke kaya, na sami wadda za ta koma, na hau bayanta da kwandon Inna a cinyata. Na tarar ƙannena sun yi dashen a cunkushe, albasar shekarar ta fito ƙanana, muka ci shekarar da wuya. Da na shiga gida mata da yara suka kewaye ni. Kulu ta ce in faɗa mata maganar tururuwa. Na ce ban gani ba. Suka ɗauka wasa nake.

Inna ta ce, "Kai da kazata duka ɗaya ke nan. An kai ku sama an maido, ba wanda ya ga komi." Ta buɗe kwando ta duba ƙafar kazar, ta ce ta rame.

Baba bai tambaye ni sama ba. Ya ce, "Yatsun fa?"

Na ce, "Ƙaramin ya so shi yi duhu bisa Kwara, na sassauta ƙulli guda."

"Ka saki diddige?"

"Ban saki ba."

Ya gyaɗa kai ya tafi masallaci. Daga ranar ya fara bar mini jan ƙashi, shi yana riƙo.

Alhaji Muntari ya ci gaba da aikinsa wasu shekaru, jiragen suna ƙara raguwa, har gwamnati ta rufe kamfanin gaba ɗaya. Ya tattaro iyalinsa ya dawo Kuberi yana jiran haƙƙinsa, ya koma noman da ya bari tun yana saurayi. Da ya zo gaishe mu, daga bakin titi ya tako da ƙafa har zaure. Baba ya tsufa a lokacin, idonsa ya yi rauni, amma ko gaisuwa bai bari an gama ba ya ce a shimfiɗa tabarma. Ya sa Alhaji ya kwanta rigingine da babbar rigarsa, ya haɗa ƙafafun biyu, ya shafa diddige da diddige, ya shafa idon sawu da idon sawu. Ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Daidai suke."

Alhaji ya ce, "Malam, aikin da muka yi wa wannan wahala ya mutu."

Baba ya ce, "Da wace ƙafa kaka bin shanun huɗa?"

"Da duka biyun."

"To tashi, kada ka ɓata riga."

Wannan shi ne asalin sunan da kuke ji. 'Yan tasha ne suka laƙa mini shi don tsokana, mutumin da ya je sama ya dawo da labarin yatsu. Ku gyara wa 'ya'yanku, kada su sake gaya wa malami abin da ba a yi ba. Na kuma ji kuna shawara a tsakaninku kan maganar kujerar Makka. Ban sa ku ba, ban kuma hana ku ba. Amma in Allah Ya nufa, ku gaya wa mai rabon wurin zama cewa tsohon nan bakin taga yake so, ba a kan fiffike ba, don Alhaji ya ce fiffike yana tare kallo. Hannuwana babu komai a cikinsu wannan karon.